Wa ya taɓa haɗa sensa mai intanet a lab ɗin makaranta? Ina neman shawara

Malamin SS2: Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lantarki a gidan nan. Ni malamin kemistiri ne a wata sakandare ta jeka-ka-dawo, darasina minti 40 ne, ranar da aka haɗa min biyu 80, to akwai gwaje-gwajen da wlh ba sa ƙarewa a wannan ɗan lokacin, kamar yis da sukari, ko tsatsar ƙarfe, ko madara tana komawa kindirmo. Sai mu haɗa ranar Alhamis mu kulle lab mu watse, Litinin mu dawo mu tarar an gama biki, yara sun ga farko sun ga ƙarshe amma tsakiyar da a nan karatun yake ba wanda ya gani har ni. Na ga ana maganar wani ɗan allo wai ESP32 da ake jona masa sensa ya riƙa turo awo ta intanet kana gida kana gani a waya. Shin abin na yiwuwa da kuɗin aljihun malamin makaranta, ko dai na cire rai?

Injiniyan Gida: Wslm Malam. Yana yiwuwa sosai, kar ka cire rai. ESP32 wani kamfanin Sin ne mai suna Espressif ya fito da shi a 2016, yana da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, kuma a AliExpress 'yan daloli ne ƙalilan, kuɗin kawowa da jira ne ma suka fi ciwo. Kafin shi akwai ESP8266, shi ma yana aiki amma ƙafar awon analog ɗaya tak gare shi, don haka ni dai ESP32 zan ce. Da manhajar Arduino ake rubuta masa kod, kyauta ce. Shawarata ka fara da zafi kawai, ka sayi DS18B20 irin mai bakin ƙarfe da doguwar waya wanda ake tsomawa a ruwa, yana auna daga -55 har 125 digiri, kuskurensa wajen rabin digiri ne a zafin da za ku yi aiki da shi, waya uku ce kawai sai resista 4.7k guda ɗaya. In wannan ya yi maka aiki sati guda ba matsala sai ka ƙaro sauran.

Baba Mai Ritaya: Assalamu alaikum. Ɗana Malamin SS2, na karanta kuma na yaba da himmarka, amma bari in tambaye ka tsakani da Allah: biyuret, wato bututun gilashin ɗiga ruwa da awo, nawa ne masu lafiya a lab ɗin naka? Shekara talatin da wani abu na yi ina wannan aiki, abin da ke kayar da yaranmu a WAEC da NECO ba rashin intanet ba ne. Yaro ne zai kai SS3 bai taɓa riƙe fifet ba, ranar jarrabawa ya tsotso asid har baki, ko ya kasa gane lokacin da metil orenj ya juya. Kuɗin da za ka zuba a wannan na'ura da ka sayi biyuret biyu da kwalbar indiketa. A ganina ke nan, Allah ya sa ban ɓata maka rai ba.

Malamin SS2: Haba Baba, ai faɗan babba magani ne. Gaskiya masu lafiya guda tara ne, yara kuma sun haura sittin a aji ɗaya, ban musa ba ko kaɗan. Amma ranka ya daɗe ba wai zan ajiye taitireshan, wato aikin biyuret da fifet ɗin, ba ne, shi muna yi duk da ƙarancin kayan, abin da ke damuna shi ne babin saurin riyakshan, ina zana musu lanƙwasar giraf a allo suna kwafa kamar zanen fulawa, ba su taɓa ganin abin ya fito daga wani abu da suka haɗa da hannunsu ba.

Maman Ilham: Ni ma'aikaciyar lab ce a wata kwalejin ilimi, bari in sa baki tun kafin Malam ya kashe kuɗinsa. Na zafi ba shi da rigima, saya. Amma na pH, wato mai auna tsami, hmmm. Mutane na ganin araha a intanet su ɗauka kamar tamomita ne ka tsoma ka karanta, alhali ɗan ƙwan gilashin nan na bakinsa kamar jariri yake, in ya bushe ya lalace, in ka ajiye shi a distil wata ma ka kashe shi a hankali, a ruwan gishirin KCl ake ajiye shi. Sannan kafin kowane aiki sai ka saita shi da bafa, wato ruwan da aka san pH ɗinsa, masu arahar nan suna zuwa da 'yan ƙullin gari na 4.01 da 6.86 da 9.18, kowane ƙulli a narka shi a 250 ml. In ƙullin ya ƙare fa? Nan ne ake jefa shi a durowa. Mu a wajenmu akwai guda huɗu a kwance, duk bushewa ce ta kashe su lokacin dogon hutu, ba wanda ya tuna ya ɗiga musu ruwa.

Injiniyan Gida: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma akwai ƙari ta ɓangarenmu. Shi tsinken pH ɗin wuta 'yar mitsitsiya yake bayarwa, wajen milivolt 59 a kowane pH ɗaya in zafi na 25, shi ya sa yake zuwa da ɗan allon da ke ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce wasu allunan suna fitar da har volt 5, ESP32 kuma 3.3 ne iyakarsa, in ka jona kai tsaye kana iya ƙona ƙafar, sai ka rage da resista biyu. Na biyu, awon analog na cikin ESP32 ba shi da tsafta, daga 0 zuwa 4095 yake ƙirgawa amma a can ƙasa da can sama yana karkacewa, ni ɗan allon awon analog ADS1115 nake ƙarawa, shi ya fi nutsuwa nesa ba kusa ba. Na uku wanda ya taɓa cinye min kwana biyu ina zargin sensa: rukunin ƙafafun analog da ake kira ADC2 ba sa karatu in Wi-Fi na kunne. Ka yi amfani da ƙafa mai lamba 32 zuwa 39 kawai.

Ɗan Gyaran Waya: hhhh Injiniya kana ta zuba lambobi kamar malamin lissafi. ni tambayata daya ce, wutar fa? wace makarantar gwamnati ce zata baka wuta daga alhamis har litinin, kuma wayar da zata bada hotsifot din waye zai bar tasa a lab kwana hudu

Injiniyan Gida: Tambayar da ta fi kowace ke nan wlh. Lissafin shi ne, allon in Wi-Fi na kunne kullum yana shan sama da miliamf 100, fawa bank mai rubutun 10,000 kuma a zahiri wajen 6,000 zai ba ka a volt 5, ka ga kwana biyu da ɗan wani abu ya mutu. Dabarar ita ce ka sa shi barci, ya farka duk minti biyar ya auna ya tura ya koma, to amma nan ma akwai tarko, yawancin fawa bank in suka ji ba a jan wuta sosai sai su kashe kansu, allon ya yi barcin da ba farkawa. Shi ya sa gara batirin 18650 irin na cikin tsohon batirin laftof da ɗan allon caji TP4056. Waya kuwa tsohuwar Android ko da fuskarta ta fashe ta isa, ko 'yar MiFi, kawai a tuna 2.4GHz kaɗai ESP32 yake gani. Ita wayar ce ma za ta fi allon shan caji.

Ɗan Gyaran Waya: to in dai tsohuwar waya ce da batirin laftof ku zo Farm Centre a kano ku diba, wannan ba matsala. amma a gwada batirin kafin a saya don rabinsu gawa ne, kuma kar wanda ya like waya da dalma kai tsaye a jikin 18650, a sayi gidansa na roba

Ɗan Damagaram: Sannunku da hira. Mu nan wajenmu wani abokin aikina a lise, wato sakandare, ya gwada da ɗan allo SIM800L, wato ka sa layin waya a jikin na'urar kanta ba sai hotsifot ba. Ya sha wahala ƙwarai, don abin 2G ne kuma lokacin da yake neman reso, wato netwok, yana fizgar wuta har kusan amfiya 2, in batirin bai da ƙarfi sai ya yi ta mutuwa yana tashi. Daga baya ya sa babban kondansate, wato kafasita mai tara wuta, ya zauna. Abin da na koya a wurinsa shi ne kada ka dogara da intanet shi kaɗai, ka sa katin memori da ɗan agogo DS3231, ko reso ya tafi awon yana nan a kati da lokacinsa. Kuma ku tuna zafinmu, a watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano a kulle yana wuce 40, batirin litiyom ba ya son haka, a ajiye shi ƙasa a inuwa nesa da taga.

Baba Mai Ritaya: To kun gani. Tun ba a fara kemistirin ba an shiga batir, an shiga layin waya, an shiga kati. Malam zai koma mai gyaran rediyo, yara kuma su zama 'yan kallo. Mu a zamaninmu agogon hannu da tamomita da takardar giraf muke ba yaro, ya narka naftalin ya zauna yana rubuta zafi duk rabin minti, da idonsa zai ga ya tsaya cak wajen 80 yana daskarewa kafin ya ci gaba da sauka. Wannan zaman da ya yi yana jira shi ne karatun. In na'ura ta yi masa jiran, ta yi masa rubutun, ta yi masa zanen, shi me ya rage masa?

Ɗalibar 300L: Baba Allah ya ƙara girma, ni dai zan faɗi abin da na gani a matsayina na ɗaliba. Mun shiga jami'a aka yi korona a 2020 aka rufe makarantu, muka dawo aka tafi yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas, da aka dawo sai aka matse firaktikal ɗin zango guda cikin 'yan makonni, mu goma sha biyu a kan bika ɗaya, biyu na aiki goma na kwafar lambobi, wani lokacin ma lambobin 'yan shekarar da ta wuce ake karɓa a ɗan canza. Wato 'yan kallon da kike... afuwan, da kake tsoro Baba, mun riga mun zama tun ba na'ura. Ni da a ce akwai awo na gaske da ke shigowa wayata daga kwalbar da na san ni na auna sukarin cikinta, wlh da na fi jin abin a raina fiye da lambobin gado.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, wannan magana taki ta taɓa ni, kuma ban da amsarta. Lambobin gado kam mun san su, mun kuma kama masu yi. Amma ki lura, ciwon da kika faɗa na cunkoso ne da rashin kaya, na'urar nan ba za ta warkar da shi ba.

Maman Ilham: Ni ina ga Baba da Malam ba a kan abu ɗaya suke ja ba. Gwajin da zai ƙare cikin darasi, kamar naftalin ɗin Baba, ko ka zuba 50 ml na HCl a 50 ml na NaOH masu mola ɗaya-ɗaya zafi ya tashi da kusan digiri 7 nan take, ko tayosalfet da asid da ake kallon alamar kuros tana ɓacewa, duk waɗannan ba ruwansu da intanet, yaro na tsaye a wurin, a ba shi tamomita da agogo ya yi da hannunsa. Sa musu Wi-Fi ƙarya ce kawai da burga. Inda abin ke da amfani shi ne wanda ke ɗaukar awa goma ko kwana uku, wanda ba yaron da zai kwana a lab yana rubutu ƙarfe ukun dare. Nan ba wani aikin hannu da na'urar ta ƙwace, don dama ba mai yin sa.

Malamin SS2: Yauwa Hajiya, kin faɗa fiye da yadda zan iya. To yanzu a cikin ukun da na faɗa da farko, yis, tsatsa da kindirmo, wanne zan fara da shi? Ni zuciyata ta fi karkata ga yis da sukari, na ga wani sensa MQ-3 wai yana jin barasa, da MQ-135 wai yana auna CO2, kuma duk suna da araha.

Injiniyan Gida: Malam rabu da MQ ɗin nan in dai lamba kake so ta gaskiya. Suna da 'yar hita a ciki da ke shan wajen miliamf 150 ba tsayawa, wato maganar barci ta tashi, sabo kuma sai ya yi kwana ɗaya ko biyu a kunne kafin ya nutsu, sannan ba ya bambancewa, turare, hayaƙin janareto, sanitaiza, duk zai motsa. Na ƙararrawa ne, ba na awo ba. Na CO2 na gaske irin MH-Z19 da hasken infrared yake aiki, ya fi tsada, kuma yawanci 5000 ppm ne iyakarsa, iskar waje ma tana da sama da 400, a cikin kwalbar yis kuwa cikin ɗan lokaci zai kai ƙarshe ya tsaya, giraf ɗinka ya zama layi miƙaƙƙe.

Maman Ilham: Akwai hanyar da ta fi wannan kuma ta fi zama kemistiri. Ka auna nauyi. Gulukos giram 180 yana ba da CO2 giram 88, to in ka narka giram 18 iyakar abin da kwalbar za ta rasa 8.8 ne, yara su lissafa wannan da kansu kafin a fara, sannan a ɗora kwalbar a kan sikeli a ga nawa ta rasa a zahiri. Injiniya ai akwai sikelin da ake jonawa ko?

Injiniyan Gida: Akwai, lod sel, wato sensa mai jin nauyi, da ɗan allo HX711, ki ɗauki mai kilo ɗaya don ya ji ƙananan canji. Aibinsa yana ɗan zamewa in zafin ɗaki ya canza, rana daban dare daban, don haka a haɗa da DS18B20 a gefe, in da hali a yi na biyu da kwalbar ruwan sukari ba yis don a ga nawa ne zamewar sikeli da tururi, nawa ne aikin yis.

Admin: Tunatarwa jama'a, duk wanda zai gwada: kar a toshe kwalbar yis ruf, za ta fashe, a sa 'yar tiyo ta fita ta nutse a ruwa ko a toshe da auduga. Kuma ba a barin wuta ko hita ko wani abu mai hayaƙi a lab a tafi gida don wai ana kallo a waya. Wayar za ta nuna maka zafi na hawa amma ba za ta kashe maka gobara ba.

Baba Mai Ritaya: Sannan ɗana ka yi tunanin gari. Ka bar kwalba tana tsima kwana huɗu a makaranta, yaro ya je gida ya ce Malam na dafa mana burkutu kuma yana turo mana a waya. Babin na cikin manhaja, ni ma na koyar da shi, amma ka fara sanar da shugaban makaranta, kuma a zubar a gaban yara ranar da aka gama.

Ɗan Gyaran Waya: hhhhhh wlh Baba ya san garin nan. kafin litinin labari ya kai wajen mai unguwa

Ɗalibar 300L: To me zai hana a fara da kindirmo? Ba mai zargin kowa, kowace yarinya a ajin ta san yadda ake yi a gida, a tafasa madara a bari ta huce a zuba ɗan tsohon kindirmo a rufe. Madara tana farawa wajen pH 6.6, in ta sauko kusan 4.6 sai ta kama ta yi kauri, kuma dare ɗaya ne ba kwana huɗu ba, batir ma ba zai wahala ba. Har ana iya yin kwano biyu, ɗaya a cikin kula ɗaya a kan tebur, a ga wanne ya riga.

Maman Ilham: Shawara mai kyau ƙanwata, sai dai madara na toshe ɗan ramin da ke gefen gilashin, furotin ne ke manne masa, da an gama a wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulun ruwa a ɗauraye a mayar cikin KCl. Kuma Malam ka yi abu ɗaya da mutane ba sa yi: bayan an gama ka sake tsoma shi a bafa 6.86 ka rubuta abin da ya nuna. In ya nuna 7.1 ka san ya zame cikin dare, ka gaya wa yara gaskiya, su tattauna ko za a yarda da lambobin. Haka na zafin ma, akwai jabun DS18B20 da yawa a kasuwa, ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara ka ga ko zai ba da sifili, sannan a tafasasshen ruwa, amma kar ka jira 100, mu nan arewa muna kan tudu, a Kano wajen 98 ruwa ke tafasa, a Jos ma wajen 96. Na ga wanda ya mayar da sensa lafiyayye saboda wannan.

Ɗan Damagaram: Na tsatsa ma yana da daɗi in an zo kansa. Garin ƙarfe daga wurin masu walda, a jiƙa shi, a sa a kwalba mai murfi da BMP280 a ciki mai auna matsin iska, a like sosai. Oksijin kashi 21 ne cikin ɗari na iska, to matsin zai yi ta sauka har ya rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tsaya. Kar a yi da soson ƙarfen wanke tukunya, yawancinsa ba ya tsatsa da wuri. Abin da zai ba yara mamaki shi ne layin ba zai sauka sumul ba, zai riƙa ɗan hawa da rana yana sauka da dare saboda zafi, ka ga dokar gas ta shigo da kanta ba a gayyace ta ba.

Malamin SS2: Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Saura ina awon zai riƙa zuwa, kuma data nawa zai ci?

Injiniyan Gida: Shafin ThingSpeak ya fi sauƙi ga mai farawa, na kamfanin MathWorks ne, asusun kyauta yana karɓar saƙo duk daƙiƙa 15, miliyan 3 a shekara, kai da za ka tura duk minti biyar ko kusa ba za ka je ba, saƙo 288 ne a wuni. Shi zai zana giraf ɗin, kuma kana iya sauke lambobin ka buɗe a Excel. Data kuwa ba ta kai ta bidiyo ɗaya na WhatsApp ba, sai dai ka kashe sabunta manhajoji a tsohuwar wayar don ita ce za ta cinye. Akwai manhajar Blynk, akwai tsarin aika saƙo na MQTT in ka ƙware, shi MQTT tun 1999 aka ƙirƙiro shi don sa ido a kan bututun mai ta tauraron ɗan adam, an gina shi ne don layi mai rauni irin namu. In za ka buɗe shafin kowa ya gani kar ka sa sunan makaranta ko inda take, kuma kar ka turo hoton kod ɗinka nan da makullin API, wato lambar sirrin shafinka, a jiki.

Maman Ilham: Amma yara nawa ne ke da waya a ajin? Musamman 'yan matan. Kar abin ya zama na 'ya'yan masu hali su biyar.

Baba Mai Ritaya: To ga sharaɗina, in ka yarda na sa albarka. Kar ka nuna musu giraf ɗin na'ura tukuna. Ka kwafo lambobin, na kowane rabin awa, ka rubuta a allo, kowa ya fito da takardar giraf ya zaɓi sikelinsa ya zana da fensir, mai waya da marar waya duk ɗaya. Sai sun gama ka fito da na wayar a kwatanta. Kuma madarar su za su auna, su za su tsoma sensa a bafa, kai ka tsaya gefe. Ranar taitireshan kuma ba na son jin an taɓa ta.

Malamin SS2: Na karɓa Baba, da hannu biyu.

Malamin SS2: Slm, na dawo da rahoto bayan sati uku. Kaya sun iso, Injiniya ya taimaka min da kod ta waya Allah ya biya shi, mun yi na kindirmo jiya Laraba. Yara suka tafasa madara, suka saita tsinken da 6.86 da 4.01, muka rufe ƙarfe biyun rana a kan 6.5. Wajen awa biyu da rabi kamar ba abin da ke faruwa har na fara zargin na'urar, ina zaune bayan la'asar sai na ga ya fara gangarowa, kafin isha ya wuce 5.5, wlh ina ta duba waya kamar mai jiran alat har uwargida ta tambaya ko lafiya. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin sai komai ya tsaya cik. Da safe na tarar da allon na aiki, kindirmo ya kama, pH 4.4, amma wayar hotsifot a mace. Ashe maigadi ne ya ga fawa bank ta taga, yana da makulli, ya cire wayar ya sa tasa. Katin memorin da Ɗan Damagaram ya ce in sa kuwa ban sa ba, na ce sai na gaba. Don haka muna da rami na kusan awa takwas a tsakiya. Bafa bayan an gama ta nuna 7.0 maimakon 6.86.

Ɗan Damagaram: Hhhh ai na faɗa maka Malam. Sa katin.

Ɗan Gyaran Waya: maigadi baida laifi, kun bar caji a gabansa cikin dare. ku hada masa nasa kawai a zauna lafiya

Baba Mai Ritaya: Ramin fa, me yaran suka yi da shi a takarda?

Malamin SS2: Nan aka yi rigima Baba. Wasu suka ja layi miƙaƙƙe da rula daga 5.0 zuwa 4.4, wasu suka lanƙwasa shi, wata yarinya a baya ta bar wurin fari ta ce ita ba za ta zana abin da ba a auna ba, kuma ta ce a gidansu in dare ya yi sanyi kindirmo ba ya kamawa da wuri don haka ba wanda ya san yadda ya sauka. Har aka buga ƙararrawa ba su daidaita ba, sun ce a sake ranar Talata, wannan karon kwano biyu. Hajiya KCl ɗin da ya zo a murfin ya kusa ƙarewa, giram nawa zan narka in haɗa wani?

Maman Ilham: Mola 3 ake so, giram 22.4 ka cika da distil wata zuwa 100 ml. Ka bar yaran su lissafo shi da kansu daga 74.5, kar ka ba su amsar. Kuma ka wanke gilashin yau ɗin nan kar ka bari sai Talata.